Tarayyar da Baba Ya Jira

Kafaɗata ta dama takan riga kowa sanin hadari ya haɗo, tun kafin in ɗaga kai in dubi sama. Likita ya ce shekaru ne suka fara leƙowa. Ban yi masa musu ba, don ban ga amfanin in zauna ina ba shi labarin yadda na shafe ƙuruciyata a durƙushe a bayan coci, 'ya'yan mutane suna taka ni da izinin mahaifina ba.

Baba ma'aikacin reluwe ne. Daga kudancin Kaduna aiki ya kawo shi Minna tun ba a haife ni ba, ya kuma yi ritaya a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Muka bar kwatas ɗin ma'aikata muka kama haya a unguwar Shango. Cikin waɗanda suka ajiye aiki tare da shi, wani ya koma gona, wani ya kama kiwon kaji, wani ya samu benci a ƙofar gida ya zauna. Baba usur ya sayo. Dama can yakan tara yaran coci jefi-jefi ya koya musu motsa jiki, amma aiki ba ya barinsa. Da ritaya ta zo, sai ya zama ba shi da wani aiki a duniya sai mu.

A bayan cocinmu na Katolika akwai wani ɗan fili tsakanin bango da katangar maƙwabta, da mangwaro ɗaya a gefe. Baba ya tsince tsakuwar wurin da hannunsa, ya roƙo dusar katako a wurin kafintoci ya shimfiɗa. Duk Asabar da yamma mukan hallara cikin farar singileti da farin gajeren wando, mu mata da siket a kai. Fararen kaya a jar ƙasar Minna! Mama ce ta san abin da hakan ke nufi, don ita ke jiƙa su ranar Litinin tana magana ita kaɗai. Mu jeru, mu miƙa hannu, mu lanƙwasa, mu yi alkafura gaba da baya, mu tsaya da hannu ƙafa a sama. Daga ƙarshe sai a yi dala: manya su durƙusa a ƙasa, matsakaita su hau bayansu, ƙanana su hau bayan matsakaita, har a ƙare da ɗan mitsitsi guda a ƙoli ya buɗe hannuwa. Da usur ake hawa, da usur ake sauka, kuma ko kunama ce ta harbe ka ba ka motsi sai Baba ya busa. Ni Allah ya yi ni da faɗin kafaɗa irin na dangin Baba, don haka ban taɓa ganin duniya daga saman dala ba. Abin da na sani game da wasan nan shi ne tururuwa da dusar katako da warin takalmin kambas.

Mutanen coci suka sa masa suna kocin coci, daga baya ya koma Baba Koci. Matan Fulani masu tallan nono in sun biyo ta wurin sukan sauke ƙwarya su leƙo ta kan katanga. Wata dattijuwa a cikinsu ta taɓa ce masa, "Baba, 'ya'yan mutane ne fa, ba buhunan masara ba." Ya yi dariya ya sayi nononta, ya koma ya ƙara mana layi ɗaya a sama.

In ka tambayi Baba dalilin wannan wahala, to ka nemi wurin zama. Yana yaro a makarantar mishan ta garinsu aka kawo musu wani Fada Bature, ba daga Ingila ba, daga wani ƙauye can gefen Faransa. Siriri ne, in ji Baba, yakan yi tafiya a kan hannuwansa daga ƙofar aji har bakin rijiya, doguwar rigarsa ta zubo masa a fuska. Shi ya koya musu duk abin da muke yi. Shi ne kuma ya ba su labarin ƙasarsu, inda coci-coci da yawa ke da ƙungiyar 'yan motsa jiki. Firistoci ne suka fara tara samarin da ke fitowa daga masana'antu, don kada mashaya ta riga su. Daga na coci ɗaya abin ya zama na gari, ya zama na ƙasa, har ƙasashe suka haɗa kai tun kafin yaƙin duniya na farko suka kafa babbar ƙungiya guda. Sun taɓa yin wasa a gaban Paparoma. Yaƙi ya zo ya tarwatsa su, samarin da suka yi wasa a fili ɗaya suka koma harbin juna. Aka gama aka sake haɗuwa, wani yaƙin ya sake zuwa, aka kuma sake haɗuwa. Baba yakan ba da wannan tarihi kamar da shi aka yi, in ya zo wurin yaƙin sai ya girgiza kai.

Ranar da za a mayar da Fadan gida, ya tara su a filin makaranta. Yana jin Hausa sosai, irin ta littafi. Ya ce musu, "Ko na tafi, kada ku bari. Ku da mu muna cikin tarayya ɗaya." Wannan maganar Baba ya ɗauko ya riƙe har furfura. A lokacin babu kalmar da ke tashe a rediyo kamar tarayya, yau gwamnatin tarayya, gobe majalisar tarayya. Shi kuma ya girma ya zama ma'aikacin tarayya, ya yi rayuwarsa kaf a inda tarayya ke nufin hedikwata, wadda ta san da zamanka ko ba ta taɓa ganinka ba, wadda kuma za ta aiko sufeto wata rana ko da ya makara. Don haka a wurinsa magana a fili take: Fada ya shigar da su cikin babbar ƙungiyar nan ta duniya, duk inda kuwa ya busa usur ɗinsa reshe ne. Wata rana za a zo a duba mu, ko a aiko mu je. Mutumin da ya yi aikin jirgin ƙasa a ƙasar nan, jira ba baƙonsa ba ne.

Ni ban ce na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba. Ina 'yar sakandare a lokacin, abin da ya dame ni kawai Asabar ɗina da ke tafiya a banza, ƙawayena suna kitso ni ina cin ƙasa.

Matsalar ita ce filin. Coci ya cika ya batse. Mutane suna ta kwarara Minna, daga wajenmu, daga Binuwai, daga gabas, ranar Lahadi kusan rabin jama'a a waje suke tsayawa, rana ta gasa su ko ruwa ya dake su. Ciyaman ɗin kwamitin coci, wani ɗan kasuwa daga gabas mai sayar da kayan gini, yana son a gina zaure a filin Baba, don nan kaɗai ya rage. Ba mugun mutum ba ne, kuma yana da gaskiya, ko a lokacin na san haka. Duk shekara sai ya ta da maganar a taron kwamiti, duk shekara sai a kira Baba, ni kuma in raka shi in zauna a baya.

"Baba Koci," ciyaman zai ce da Hausarsa ta kasuwa, "wannan fili na coci ne, ba na reluwe ba. Mutane yana tsayawa a rana."

"Na sani, ciyaman. Amma in mutanen tarayya sun zo, me za mu nuna musu? Bulo?"

"Yaushe ne za su zo?"

"Ba a tambayar hedikwata yaushe."

Sai 'yan kwamiti su dubi juna. Babu mai son a ce shi ne ya kunyata cocinmu a idon duniya, a ce Turawa sun taso takanas sun tarar an zuba siminti a kan reshensu. Sai a ce a bari sai baɗi. Kalma ɗaya ce ta tsare filin nan shekara da shekaru, babu katanga babu takarda. Kowa kuma ya san ranar da kalmar ta faɗi, filin ya tafi, kuma in filin ya tafi ban san abin da zai rage wa Baba ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Yara suka yi ta girma suna barinmu, wannan ya tafi jami'a, wancan ya kama acaba, waccan ta yi aure a Abuja. Saman dala kullum da masu so, don kowane ƙaramin yaro yana son a gan shi a ƙoli. Ƙasan dala ne ke wuyar samu. Na gama kwaleji, na fara koyarwa a firamare, na yi aure, muka kama gida kusa da unguwar Limawa, amma ƙasan dala bai sallame ni ba. Duk Asabar sai in hau acaba zuwa Shango da fararen kayana a leda. Mijina yakan raka ni bakin titi ya ce, "Madam, a gaida Turawa." Ciki ne kaɗai ya taɓa samo mini hutu, shi ma da jaririn ya fara zama sai ga saƙon Baba, wai gefen dama yana rawa tun da na tafi.

Na gaji. Ba gajiyar da barci ke warkarwa ba, irin wadda tun ranar Alhamis za ka fara jin nauyin Asabar a wuyanka. Na gaji da wankin fararen kaya, na gaji da roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su zo, na gaji da tarihin samarin Faransa da zan iya ba da shi ina barci. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce masa, "Baba, ni fa na bari. Ina da miji, ina da ɗa, ina da aji." Bai yi faɗa ba. Asabar ta zagayo sai ga shi a gidana da usur a wuya, ya gaisa da mijina, ya nemi ruwa ya sha, ya zauna yana kallon bango. Na shiga ɗaki na ɗauko ledar, ina jin haushinsa ina jin haushin kaina.

Ba zan ce babu ranar daɗi ba. An taɓa gayyatarmu bikin godiyar kaka a wani ƙaramin coci kusa da Wushishi, ya kuwa dace da ranar kasuwa. Da muka fara alkafura sai 'yan kasuwa suka baro rumfuna, makiyaya suka tsaya da sandunansu a kafaɗa. Da dala ta tashi aka ɗauki guɗa, wani tsoho ya cire hularsa ya jefa sama. Doya aka cika mana mota da ita. A hanyar dawowa kowa yana waƙa, sai Baba a gaba ya ɗaure fuska. Na leƙa na ce, "Baba, ba ka ji tafi ba?" Ya ce, "Layi na biyu ya karkace, ba wanda ya lura. Ba su san abin da suke kallo ba." Idon masani yake jira, kuma a ganinsa duk Jihar Neja babu shi.

Da shagunan intanet suka buɗe a gari, Baba ya aike ni in duba masa mutanensa. Na je da niyyar in dawo in ce masa babu su, mu huta. Kwamfutar tana jan ƙafa, aka ɗauke wuta, aka ta da janareto, can sai ga hotuna sun fara fitowa daga sama zuwa ƙasa. Tsofaffin hotuna ne marasa launi. Samari ne cikin fararen kaya, wasu da gashin baki, sun yi dala irin tamu sak, ga firist a tsaye a gefe. Ashe da gaske akwai su, ashe Baba bai ƙara gishiri ba. Rubutun da Faransanci da Jamusanci yake, ban tsinci komai ba. Bayan wasu shekaru na koma na kalli bidiyon yadda suke yi a yanzu: manyan zaure masu ƙyalli, katifu, sandunan ƙarfe, 'yan mata suna juyi a iska kafin su dira. Ban ga mai durƙuso a kan dusar katako ba. Na faɗa wa Baba duka biyun. Na farkon ya sa shi murmushi har kunne. Na biyun ya kore shi da hannu, ya ce kayan aiki kawai suka fi mu.

Haka muke har aka kawo mana sabon Fada, matashi, ɗan ƙasa, wanda ya yi karatu a Turai yana kuma jin Faransanci. Shi ma ya ga mutane a rana ranar Lahadi. Ciyaman ya same shi ya ce ya taimaka ya bincika musu maganar tarayyar nan, a san matsaya. Fada ya zauna da Baba ya saurari tarihin tun daga masana'antu har bakin rijiya, ya tambayi sunan tsohon Baturen da lokacin da ya yi a ƙasar nan. Bayan 'yan watanni ya zo gidanmu da kansa. Ya ce ya bi ta hannun abokan karatunsa, kuma an samu tsohon Baturen. Yana raye, ya tsufa tukuf, yana wani gida da ake kula da tsofaffin firistoci. An yarda a kira shi a waya ranar Asabar da yamma. Baba ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa.

Makon nan ba mu huta ba. Kullum bayan makaranta atisaye. Aka wanke fararen kaya aka sa musu bula, Baba ya shafe kambas ɗinsa da farin alli. Ya ce dala za ta kasance a tsaye lokacin da za a yi maganar. Mama ta dube shi ta ce, "Waya ce fa, ba ta da ido." Ya ce, "Zai ji a muryata."

Ranar ta zo cikin zafin nan na Minna da ke gabatar damina, wanda ko inuwa ba ta da sanyi. 'Yan kwamiti suka zauna a benci ƙarƙashin mangwaro, matan coci suka tsaya a bayansu. Baba ya busa usur, muka durƙusa, aka hau, aka hau, dala ta tashi. Sannan Fada ya fara kira. Layi ya ƙi shiga. Ya matsa gefen katanga, ya ɗaga wayar sama, ya sake gwadawa. Gwiwar wata yarinya tana nutse a kafaɗata, gumi yana ɗiga daga hancina yana huda dusar katako. Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani: silifas ɗin ciyaman, baƙin takalmin Fada yana kai da komo, da fararen kambas ɗin Baba a haɗe wuri ɗaya kamar na soja. Duk abin da ya faru ranar da kunne na gan shi.

Can layi ya shiga. Fada ya yi magana da Faransanci da wata mata, aka jira, sannan ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji ya miƙa wa Baba. Wata murya ta fito, siririya, tana rawa, amma Hausar tana nan daram.

"Sannu, sannu. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Fada!" Baba ya amsa da ƙarfi.

Ni da ke ƙasa na rasa dariya zan yi ko kuka. Baba ya faɗi sunansa da sunan garinsu, ya ce, "Ni ne na ƙasan dala, gefen hagu." Ranar na fara sanin shi ma bai taɓa hawa sama ba.

"A'a, yaran nan," in ji muryar. "Dala. Madalla, madalla." Ban sani ba ko ya tuna shi, ko dai ya tuna wasu yara ne a dunƙule.

"Ba mu bari ba, Fada. Yanzu haka da nake magana dala tana tsaye."

"Madalla, ɗana. Allah ya yi albarka."

Baba ya gyara murya. "Fada, maganar tarayya ce. Kun ce muna ciki. Jama'a suna tambaya yaushe za a zo a duba mu."

Tsohon ya maimaita kalmar.

"Tarayya?"

"I, Fada. Ranar da za ku tafi, a filin makaranta. Kun ce ku da mu muna cikin tarayya ɗaya."

Sai muryar ta washe, kamar ya tsinci abin da ya ɓace masa. "I, i! Muna ciki, ɗana. Ni da kai, da masu rai, da waɗanda suka riga mu. Tarayyar tsarkaka." Ya zarce da sauran kalmomin shaidar bangaskiya, a hankali, har ƙarshe. Matan da ke ƙarƙashin mangwaro, da yake baki ya saba, suka amsa gaba ɗaya, "Amin."

Tarayyar tsarkaka. Abin da muke faɗa a coci tun muna yara, cewa masu bi duka jiki ɗaya ne, na nan da na nesa, rayayyu da matattu. Baba da bakinsa ya faɗe ta ba adadi, bai taɓa haɗa ta da waccan ba. Ni ma ban taɓa ba, ciyaman ma haka, duk cocin babu wanda ya taɓa. Fada ya karɓi wayar ya yi tambaya da Faransanci, a tsanake, don kada a bar shakka. Da ya kashe sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi tsit har mu na ƙasa muka ji. Ya ce tsohon ya ce yana yaro ya yi wasa a ƙungiyar cocin ƙauyensu, iyakarta ke nan. Bai taɓa shigar da kowa ko'ina ba, ba shi ma da ikon haka. Ya ce a gaya musu ya ji daɗi ƙwarai da ba su bari ba.

Fararen kambas ba su motsa ba. Muna nan a durƙushe, hannuwana suna karkarwa, na ji na saman sun fara shessheƙa, amma ba a busa usur ba, don haka ba wanda ya sauka. Baba ya manta da mu. Sai da silifas ɗin ciyaman suka matso kusa da shi, na ji ya ce a hankali, "Baba Koci, yara." Sannan usur ya yi wata 'yar ƙara, muka warware.

Zan faɗi gaskiyar ciyaman, bai yi murna a fuska ba. A wurin ya ce za a rage zauren, a bar wa Baba gefen mangwaro ya ci gaba da yaransa. Baba ya dubi gefen, ya dubi bangon coci, ya ce, "Ku gina duka. Mutane suna tsayawa a rana." Fada ya so ya yi masa wa'azin cewa waccan tarayyar ai ta fi wannan girma. Baba ya ce, "Na sani, Fada, na gode," ya nemi hularsa. A hanyar gida shi ke gaba ni ke baya, bai tsaya gaisawa da kowa ba.

Kafin ruwan farko ya sauka an kwashe dusar katako da shebur an fara haƙa. Asabar ɗina ta dawo hannuna. Ta farko barci na yi tun azahar har mijina ya taɓa ni ya ga ko lafiya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da har ya ba ni kunya, don na san abin da aka biya da shi. Baba bai daina zuwa sujada ba. In an zo wurin kalmar nan nakan saci kallonsa daga ɓangaren mata. Yana faɗarta, sai dai ba ya ɗaga kai. Ba ciwo ya kwanta ba, amma cikin damina ɗaya ya zama tsoho. Gwiwoyin da suka yi shekaru suna masa biyayya suka fara kumbura, ya samu benci a ƙofar gida kamar sauran abokan aikinsa.

Wata ranar Asabar da la'asar na je Shango, ba da leda ba, da man zafi. An yi ruwa an ɗauke, Mama tana tsintar wake a tire. Na zauna a ƙasa na ɗora ƙafarsa a cinyata ina murza masa gwiwa. Tun ranar wayar bai sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

"Wato babu wanda ya san da mu a can," ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

"Babu, Baba."

"Ko a da."

"Ko a da."

Ya gyaɗa kai. Mama ta daina tsintar waken, amma ba ta ɗago ba. Na ci gaba da murzawa, man yana shiga mini ido.

"Ke kin ga nasu a kwamfuta," ya ce. "Na da, da na yanzu. Kin gani da idonki."

"Na gani."

"To faɗa mini." Yanzu ya dube ni. "Mun iya?"

Shekara da shekaru yana gyara layi saboda masanan da za su taso daga Turai, ga shi ya ƙare da tambayar wadda fuskarta ke kallon ƙasa duk tsawon lokacin. Tausayinsa ya kama ni. Na tuna hotunan nan marasa launi, na auna su da abin da bayana ya sani, na ga ba sai na yi masa ƙarya ba.

"Mun iya, Baba. Wallahi mun iya. Dalarmu ta fi tasu miƙewa."

Ya daɗe yana kallona, yana neman wani abu a fuskata. Sannan ya sauke numfashi.

"Ke ai 'yata ce," ya ce, ya janye ƙafar ya miƙo mini ɗayar.